Ƙwaryar Goggo Fadimatu

Kontagora,
24 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga ƙanena Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya, kai da Hadijatu da yara, da fatan Ikko ba ta ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, Baban Nusrat yana Rijau wajen gona, Nusrat kuma tana ta haddar jarrabawa da ƙarfi kamar mai wa'azi.

Kada ka yi mamakin ganin na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo maka. Ka san gidanmu. In na ɗaga waya na ce "hanta", kafin la'asar an kai labari kasuwa cewa har an yi mini wanka.

Wata uku ke nan ina jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. In na taka keken ɗinki na rabin awa sai in ji kamar na wuni ina huɗa. Sista Janet, nas ɗin nan da nake yi wa ɗinki, ita ta matsa mini sai da na je aka yi hoton ciki da gwajin jini. Likita ya ce kitse ne ya cika mini hanta har ta kumbura. Na ce masa ni ko warin giya ban sani ba. Ya ce wannan ba na giya ba ne, na ƙiba ne. Da suka ɗora ni a sikeli allurar ta kai ƙarshe ta tsaya tana rawa, sai da aka nemo wani. Kilo ɗari da arba'in da ɗaya, ga sukari, ga hawan jini.

Ya tura ni wajen wani likita a Abuja mai aikin rage tumbi. Wai ana yanke babban ɓangare a bar kaɗan, mutum ya riƙa ƙoshi da 'yan lomomi. Ya ce ga mai jiki irin nawa, da ta sha gwada rage ci ta kasa, wannan ne ya fi sauke kitsen kafin hantar ta yi tabo. In tabon ya mamaye ta ta ƙandare, to babu dawowa.

Muhyi, tsoro nake ji. Kai ba za ka tuna ba, shekararka biyu lokacin, amma ni na ga Inna kwance ciki a kumbure, idanu rawaya. Ban san ko ciwonmu ɗaya ba, amma hanta hanta ce. Ina da shekara bakwai ranar da aka fita da ita. Nusrat tara take da su.

Ban gaya wa Goggo ba. Kai ma kada ka gaya mata.

Yayarka,
Bashira.

Ikko,
27 ga Yuni, 2024.

Adda Bashira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafin aiki. Hadijatu tana gaishe ki, ta yi kuka da na karanta mata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce.

Adda, ki yarda a yi aikin. Ni ba likitan mutane ba ne, duba nama nake yi a kwata, amma hanta kam na san ta fiye da fuskar maƙwabcina. Satin Sallar nan na juya ɗaruruwa da hannuna. Ta saniyar da ta yi yawon daji ja ce wur, mai ƙarfi. Amma ki ga bijimin turke, wanda mai shi ya ɗaure wata shida yana ɗura masa dusa da ƙuli, yana shafa shi safe da yamma. A waje abin sha'awa, kowa na taya murna. Sai an buɗe ki ga hantar ta yi rawaya kamar man shanu, in kika matsa ta da yatsa ta dagargaje. Irin wannan nakan sa a zubar, mahauta suna zagina.

Na faɗa miki ne don ki san abin ba wasa ba ne, kuma ba ya nunawa a waje sai ya yi nisa.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya sa za a ɓoye wa Goggo Fadimatu? Ita ta ɗauke mu ranar da aka binne Inna, ita ce uwa ita ce uba. In ta ji a bakin wani ai sai ta fi jin ciwo.

Ƙanenki,
Muhyiddin.

Ikko,
19 ga Yuli, 2024.

Adda,

Ina gaisuwa. Mako uku ke nan. Waya ta nuna kin buɗe takardata tun ranar, amma shiru. Na kira sau shida, Baban Nusrat ya ce kina shago, na kira shago aka ce kin tafi gida. Ruwa ba ya tsami banza. In jikin ne ya tashi ki gaya mini in taho. In kuma laifi na yi, ki faɗa, ai ke kika saba ja mini kunne.

Muhyiddin.

Kontagora,
22 ga Yuli, 2024.

Muhyiddin,

Saniyar turke ce ke gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da mahautanka. Jiki da sauƙi, ba a kai ga zubar da ni ba tukuna.

Na karanta layin nan naka ya fi sau goma. Na san ba haka kake nufi ba, amma a daidai lokacin da mutum ke tsoro, ko inuwarsa cizo take yi. Na yi fushi, na huce. Magana ta wuce.

Ka tambayi dalilin ɓoye wa Goggo. To saurara, tunda kai a goye kake lokacin. Shekarar da Inna ta rasu na yi ƙyanda, na rame har iska na neman ɗaukata. Goggo ta tafi da mu wani suna a Nasko. A gaban mata, wata ta ɗaga mini riga ta bi haƙarƙarina da yatsa tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, ta ce, "Fadimatu, haka ake riƙon maraya? Ko da yake wadda ba ta haifa ba ina za ta sani." Goggo ta sauke mini rigar kawai. Amma daga ranar nonon jar saniyarta bai ƙara zuwa kasuwa ba, cikina ya koma. Kindirmo da safe, fura da rana, man shanu a tuwo har ya yi tafki. Kai ka ci naka ya bi iska, ni nawa ya zauna.

Ranar aurena ta riƙe damtsena ta ɗaga wa dangi, ta ce, "Ku duba, wannan ce marainiyar." Har yau in na je ruga, kafin ta amsa gaisuwa sai ta matsa damtsen nan ta ce alhamdu lillahi. Ba ta da ɗa, ba ta da gida na siminti. Jikin nan nawa shi ne kawai abin da take nuna wa duniya. Yanzu ka gaya mini, da wane baki zan ce mata shi ne ke kashe ni?

Na je Abuja. An sa ranar ashirin ga Agusta. Likitan ya ba ni takardar abinci ta mako uku kafin ranar: babu mai, babu tuwo, babu zaƙi, sai ganye da ɗan kifi da nonon da aka tsame wa mai. Ya ce hanta a kan tumbi take kwance, dole ya ɗaga ta kafin ya isa wurin aikin, don haka sai ta saɓe tukuna. Ya maimaita mini sau uku.

Sai dai Baban Nusrat, Allah Ya shirye shi, ya haɗu da Baffanmu na rugar su Goggo a kasuwar Kaboji ya ce masa za a yi mini aiki. Shekaranjiya sai ga Goggo a kan babur, ƙwarya a cinya an ɗaure ta da faifai. Na ce mata aikin ciki ne kawai. Ta ce ba za ta koma ba sai an sallame ni.

Yayarka,
Bashira.

Ikko,
24 ga Yuli, 2024.

Adda,

Ki yafe mini. Bakina ya saba da mahauta, ya manta yadda ake magana da mutane. Labarin Nasko kuwa ban taɓa ji ba.

Amma wallahi da na ji Goggo ta zo sai hankalina ya kwanta. Yanzu kam kin sami mai tsaya miki. Ki sa a karanta mata takardar abincin nan, in ta riƙe abu ai ko soja albarka. Ki gaishe ta, ki ce ɗanta na Ikko yana nan da ramarsa.

Muhyiddin.

Kontagora,
3 ga Satumba, 2024.

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Na san Baban Nusrat ya ce maka mun dawo lafiya. Mun dawo, amma ba a yi aikin ba. Ni na hana shi faɗa maka, don ina son ka ji daga gare ni.

An shiga da ni, an yi mini allurar barci. Da na farka na shafa cikina na ji filasta, na fara godiya ga Allah. Sai likitan ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Hajiya, na shiga na fito." Wai da ya zura kyamara sai ya tarar hantar ta rufe tumbin ruf kamar jiƙaƙƙen bargo. Ya gwada ɗaga ta ta fara jini, sai ya tsaya. Ya ɗebi ɗan ƙanƙane don gwaji ya rufe ni. Sannan ya dube ni ya ce, "Me kika ci a mako ukun nan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muhyi, ban sa an karanta wa Goggo takardar ba. Da na ga ka rubuta hankalinka ya kwanta, sai na kasa gaya maka cewa nawa a ranar ya tashi.

Kullum bayan sallar asuba sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina. Ta dama fura da kindirmo, ta jefa curin man shanu, ta miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu. Ran farko na ce likita ya hana. Ta ce, "Likita ɗan wa? Bashira am, 'yata, wanda za a sa wa wuƙa ba ya zuwa da yunwa. Ko saniya in za ta yi tafiyar rani sai an bari ta ƙoshi." Ta tsaya da hannuwan nan a miƙe. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa barin hannun Goggo a miƙe ba. Na karɓa na sha. Da rana in ci ganyen likita in yi wa kaina ƙaryar cewa ya wanke na safe. Kwana ashirin da ɗaya haka. Da suka kira daga Abuja suna tambaya, na ce ina bin takarda.

Jiya sakamako ya fito. Tabon ya fara, har ya yi nisa, amma bai gama da ita ba. Likitan ya sa sabuwar rana, biyar ga Nuwamba, ya ce wannan karon wata biyu zan yi a kan takardar. Ya kuma ce, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, in ya sake tarar da ita haka, ko tabon ya ƙaru, ba zai ƙara taɓa ni ba.

Goggo kuwa ta yanke hukuncin cewa rashin ƙarfi ne ya sa aka fasa. Tun da muka dawo curin man ya zama biyu.

Bashira.

Ikko,
4 ga Satumba, 2024.

Adda,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kasa cin abinci tun jiya. Ni na turo ki gaba ina murna, ban san ramin da ke gabanki ba.

Ki ji ni. Kunya ba za ta yi wa Nusrat kitso ba. In ba za ki iya ba, ni zan kira wayar Baban Nusrat a miƙa wa Goggo in gaya mata komai, ta yi fushi da ni, dama ni ba ta taɓa alfahari da damtsena ba. Na ba ki zuwa Juma'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Muhyiddin.

Kontagora,
12 ga Satumba, 2024.

Muhyi,

Muna lafiya. Na gode da ka ƙara mini kwanaki ba ka kira ba. Ba sai ka kira ba yanzu, Goggo ta tafi.

Ran Litinin ne. Ta dama kamar kullum ta miƙo, na karɓa. Sai ga Nusrat ta fito da jakar makaranta, ta durƙusa a gabana ta juya mini baya in ɗaure mata igiyar hijabi. Ina riƙe da ƙwarya, babu hannun da zan ɗaure. Na ajiye ƙwaryar na ɗaure mata, ta fita. Da na waiwayo sai na ga ba zan iya sake ɗauka ba. Na jawo faifai na rufe, na tura ta gaban Goggo.

Ta ce, "Tsami ya yi?"

Na ce, "Goggo, ba tsami. Wannan ne ciwon. Kitse ne ya cika mini hanta, shi ya hana aikin. In na ci gaba da sha, zan bi Inna."

Ta kalli faifan. Sannan ta ce, "Kitsen nan, yaushe ya fara taruwa?"

Da na yi ƙarya. Wallahi da na ce shekara biyu ne. Amma na gaji da ƙarya, na ce likita ya ce ya daɗe, shekaru da yawa.

Ta ce, "Tun a hannuna ke nan."

Na ce ba haka ba ne, na ce shekara ashirin ina gidan miji ina ci da hannuna, ga lemon kwalba, ga zaman keke. Ba ta ji ko ɗaya ba. Ka san Goggo ba ta kuka a gaban mutum. Ta tashi ta naɗe tabarma, ta ɗaure kayanta, ta sa aka kira mata mai babur. A zaure na riƙe mata zane, ta zame hannuna a hankali. Ko damtsena ba ta taɓa ba. Ƙwaryar tana nan inda na tura ta, sai da yamma na sa aka zubar.

Ina bin takarda yanzu, babu mai hana ni. Amma ban taɓa jin maraici irin na makon nan ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Bashira.

Kontagora,
17 ga Oktoba, 2024.

Ƙanena Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin ƙaramin naku da haƙora? Na ga takardunka uku, ka yi haƙuri da shirun, ba ni da abin faɗa ne sai yau. Na sauke kilo tara. Jiri nake ji in na miƙe, kuma har yanzu ban san abin da likita zai tarar ran biyar ga wata ba. Ka ci gaba da addu'a.

Goggo ta dawo ran Asabar, bayan mako biyar. Ashe ba gidanmu ta fara sauka ba. Sai da ta sa mai babur ya yi ta tambaya har ya kai ta gidan Sista Janet, wadda dama hoton takardar abincin yana cikin wayarta. Janet ta ce mini tsohuwar ta zauna a ƙasa ta ƙi kujera, ta ce, "'Yar nan, karanta mini takardar da aka ɓoye mini, kada ki tsallake ko ɗaya." Da aka zo kan nonon da aka tsame wa mai, ta sa aka maimaita. Ta ce, "Tsala ke nan?" Janet ta ce e, tsala, amma ludayi biyu kawai, babu fura babu sukari.

Ka san matsayin tsala a ruga. Ita ake kai wa kasuwa a sayar wa baƙo. Goggo ta sha faɗa cewa macen da ta ba ɗanta tsala ta ajiye mai, ba uwa ba ce, 'yar kasuwa ce.

Ran Lahadi bayan asuba na ji ana kaɗa nono a ƙofar ɗakina. Ta kaɗa, ta tsame man, ta sake kaɗawa, ta bi saman da ludayi har ba ɗigo. Ta auna biyu a ƙwaryar nan ta miƙo mini da hannu biyu, amma fuskarta na kallon bango. Na sha. Man kuma ta tara a kwalba, ta ce a ba direban motar Ikko ya kawo maka, wai kai da ko rijiyar mai aka jefa ka haka za ka fito.

Yanzu kullum tare muke zuwa shago, ta zauna a bakin ƙofa. Dama magana ta fara yawo, wasu na cewa Baban Nusrat ya daina cefane, wasu na cewa ciwon da ba a faɗa ne. Jiya wata mai kawo ɗinki ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ikon Allah, Bashira, wuyanki har ya fito. Wa ke riƙonki haka?"

Kafin in buɗe baki Goggo ta ce, "Ni ce. Fadimatu ta rugar Kaboji, wadda ba ta haifa ba. Ni na hana ta abinci. Ki kai labarin duk inda kika ga dama."

Da muka koma gida, a zaure, ta kama damtsena karo na farko tun dawowarta. Ta matsa, yatsunta suka nutse inda da ba sa nutsewa.  Na ɗauka za ta saki ta wuce. Ba ta saki ba. Ta ƙara matsawa, ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ka taho ran huɗu ga wata in ka sami izini. Ta ce ita ma za ta Abuja, kuma ita za ta riƙe takardar.

Yayarka,
Bashira.